Gurbin da ragon layya ya bari a littafin awo

Littafin awon tumaki kamanninsa ɗaya, ko na tashar kiwo ta gwamnati ne irin wadda ke Ejura a Ghana, ko na wani mai garke ne a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi da ya ɗauki kiwonsa da gaske. Kowane ɗan tinkiya da layinsa: lambar kunne, uwa, uba idan an san shi, ranar haihuwa, tilo ne ko tagwaye, sannan gidajen nauyi a jere, na ranar da ya faɗo, na yaye, na wata shida, na shekara. Gidan farko a cike yake fal. Ido na tafiya dama, sai guraben da ba a rubuta komai ba su fara yawa. Wannan gudawa ta kashe shi a tsakiyar damina, wancan an yanka shi ranar suna, waɗancan ukun an kai su kasuwa ana saura mako biyu Babbar Sallah. Kafin a kai gidan shekara, littafin ya zama kamar bakin tsoho.

Abin da mai kiwo yake so littafin ya faɗa masa bai wuce biyu ba: wane rago zai bar wa garke, kuma 'ya'yan wace tinkiya zai riƙe. Wato darajar iri yake nema, abin da dabba za ta gadar wa 'ya'yanta. Shi kuwa sikeli nauyi kawai ya sani, ya cakuɗa gado da nonon uwa da dusar da aka samu da ciwon da aka sha. Rarrabe waɗannan aikin lissafi ne, kuma awon da ake maimaitawa a kan dabba ɗaya yana da tarko biyu da ke kama mutane, har da ɗaliban da ke rubuta kundin digiri a sashen kimiyyar dabbobi na jami'ar KNUST a Kumasi ko na jami'ar Ghana a Legon. Tarkon farko sananne ne. Na biyun, wato waɗancan guraben, ya fi ɓarna, kuma shi aka fi kau da kai a kansa.

Awo goma, shaida nawa?

A ɗauka an auna 'yan tumaki 30, kowanne sau 10, aka sami lambobi 300. Mai gaggawa zai zuba su a kwamfuta a matsayin shaidu 300, ya kwatanta tagwaye da tilo, ko 'ya'yan wannan rago da na wancan. Alhali ɗan tinkiyar da ya yi nauyi a watan Maris shi ne dai zai yi nauyi a Afrilu. Mutum ɗaya ne ya shiga gaban alƙali sau goma yana nanata magana ɗaya.

Irin kamar da awon dabba ke yi da awonta na baya ana kiranta maimaituwa, ana auna ta daga sifili zuwa ɗaya, ana yi mata alama da r. Idan an auna dabba sau n, ainihin adadin shaidar da aka samu shi ne n ÷ [1 + (n − 1) × r]. In maimaituwar 0.6 ce, awo 10 zai ba da 10 ÷ 6.4, wato shaida ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Lambobi 300 ɗin nan sun koma kamar 47. Tazarar kuskuren da kwamfuta ta buga wa mai gaggawa ta yi ƙanƙanta ninki biyu da rabi, shi ya sa yake ganin bambanci “mai ƙarfi” a inda babu komai sai dace.

Jay Lush na Iowa a Amurka yana cikin waɗanda suka shimfiɗa wannan tunani a kiwo tun shekarun 1930. Abin da ke sa awo ya maimaitu iri biyu ne. Akwai gado, akwai kuma tabon dindindin da rayuwa ta bar wa dabba wanda ba ya bin jini: tinkiyar da ciwon hantsa ya kashe mata nono ɗaya, ko ɗan da tsutsar ciki ta tsumburar da shi tun yana wata biyu. Duka biyun suna bin dabba daga awo zuwa awo, amma gadon kaɗai ke wucewa ga 'ya'ya. Don haka maimaituwa ita ce rufin kason gado, wato kason bambancin da ke tsakanin dabbobi wanda jini ya haddasa. Kason gado ba ya ɗara ta.

Wannan yana da amfani ga aljihu. A ce kason gado 0.25 ne, maimaituwa 0.4. Ingancin hasashen darajar iri daga awon dabbar kanta zai zama 0.50 da awo ɗaya, 0.60 da biyu, 0.65 da uku, 0.69 da biyar, 0.74 da goma, kuma ko sau dubu aka auna ba zai wuce 0.79 ba. Daga awo na uku zuwa gaba wahalar ta fara fin ribar. Kuɗin da za a kashe a awo na takwas gara a kashe shi wajen sa wa wasu dabbobin lamba da tantance ubanninsu.

Tsarin lissafin da aka gina a kan maimaituwa yana ƙara wa kowace dabba suna biyu a cikin lissafi, ɗaya na gadonta, ɗaya na tabonta na dindindin. Yana da sauƙi, kuma ya dace da abu kamar yawan 'ya'yan da tinkiya ke haifa daga haihuwa zuwa haihuwa. Sai dai ya ɗauka cewa ƙwayoyin gado ɗaya ne ke aiki a kowane awo, faɗin bambanci ɗaya ne a kowane lokaci, kuma awon jiya da na bara kusancinsu da na yau ɗaya ne. A nauyin dabba mai girma, duka ukun ba gaskiya ba ne. Ɗan tinkiyar Jalonke, gajerun tumakin nan namu masu jure sammore, yana faɗowa da kimanin kilo 2, kuma tsakaninsa da 'yan'uwansa 'yan giram ɗaruruwa ne. A shekara, tazarar ta koma ta kilo-kilo. Nauyin haihuwa da na yaye rabinsu labarin uwa ne, mahaifarta da nononta. Na shekara kuwa labarin ɗan ne da kansa, yadda yake cin ɓawon rogo da dusar masara ya mayar da su nama.

Kowane awo a matsayin hali mai zaman kansa

Mafita ita ce a daina kallon gidajen nan huɗu a matsayin abu ɗaya da aka maimaita, a ɗauke su halaye huɗu masu dangantaka, a lissafa su lokaci guda. Kowanne da faɗin bambancinsa da kason gadonsa, sannan tsakanin kowane biyu akwai alaƙa iri biyu: ta gado, da ta sauran abubuwan da suka sami dabbar. Ana jera su a jadawali mai murabba'i, ɗaya na gado, ɗaya na saura.

Kayan aikin sun haɗu ne a shekarun 1970. Patterson da Thompson sun fito da hanyar REML a 1971, wadda ke ƙiyasta faɗin bambanci bayan ta cire abin da jinsi, yanayi da makamantansu suka ci. Charles Henderson na jami'ar Cornell, mai hanyar BLUP ta hasashen darajar iri, ya fito da abu biyu a 1976: gajeriyar hanyar sarrafa jadawalin dangantaka kai tsaye daga jerin iyaye, da kuma, tare da Quaas, yadda za a lissafa halaye da yawa da bayanan dangi a tare. Jadawalin dangantakar ba wani baƙon abu ba ne: uba da ɗa 0.5, shaƙiƙai 0.5, 'yan uba 0.25, kaka da jika 0.25. Ta nan ne ragon da ba a taɓa ɗora shi a sikeli ba yake samun daraja daga nauyin 'ya'yansa.

Ana yawan cewa ribar wannan tsari ita ce ƙarin inganci, domin hali mai ƙaramin kason gado yana aro daga maƙwabcinsa. Haka ne, amma sau da yawa ƙarin ba shi da yawa. Babbar ribar tana wajen guraben.

A ɗauki raguna biyu, Fari da Baƙi, kowanne da 'ya'ya maza 20 da suka kai yaye. Na Fari sun fi girma. Sallah ta matso, mai garke yana bukatar kuɗi, mai saye kuma ba ya taya ƙanjamamme. Aka kwashe 14 daga na Fari, manya-manyan, aka ɗauki 5 kacal daga na Baƙi. Ranar awon shekara, Fari yana da 'ya'ya 6, kuma su ne kurar baya a gidansu. Baƙi yana da 15, kusan dukkan zuriyarsa. Wanda ya lissafa gidan shekara shi kaɗai zai ga matsakaicin Baƙi ya kamo na Fari ko ya wuce, ya ba da shawarar a sayar da Fari. An hukunta rago ne saboda 'ya'yansa sun yi kyau har kasuwa ta so su.

A tashar kiwo abin juyewa yake yi. Can ƙanana ake fitarwa a riƙe manya, sai ragon banza ya tsira da 'yan tsirarun 'ya'yansa da suka yi dace, ya fito fes a gidan ƙarshe. Shirin zaɓen tumakin Jalonke na Kodebuwa, wanda aka fara a 1983, misali ne na irin wannan tankaɗe da rairaya: an riƙa zaɓen raguna a nauyin kwana 80, a sake tacewa a kwana 180, a sake a kwana 365. Duk ragon da ya kai awon ƙarshe ya riga ya tsallake siraɗi biyu, don haka gidan ƙarshe ba hoton garken ba ne.

Zaɓe yana kuma matse bambancin kansa. Idan aka riƙe rabin dabbobi na sama a kan wani awo, matsakaicinsu yana hawa, amma faɗin bambancin da ke tsakaninsu yana faɗowa zuwa kusan kashi 36 cikin ɗari na asali. In alaƙar wannan awo da na gaba 0.7 ce, awon gaban ma zai rasa kusan kashi 31 cikin ɗari na faɗinsa, tun kafin a auna shi. Kason gadon da aka ƙiyasta daga ragowar zai karkace, galibi ya yi ƙasa, sai a rubuta cewa nauyin shekara “ba ya gaduwa sosai” a wannan garke.

Lissafin halaye da yawa yana gyara wannan ba tare da ƙirƙiro lamba ya cusa a gurbi ba. Yana ganin nauyin yaye na duka 40 ɗin, yana ganin cewa shidan da suka rage wa Fari su ne na ƙasa a cikin 'yan'uwansu, ya kuma koyi alaƙar yaye da shekara daga dabbobin da ke da awo biyun. Sai ya auna shidan da mizanin da ya dace da su. Amma akwai sharaɗi, kuma a kansa komai ya rataya: bayanin da aka dogara da shi wajen fitar da dabba dole ya kasance a cikin lissafin. In an fitar da ita saboda nauyin yaye, kuma nauyin yayen yana cikin fayil, an tsira. In kuwa mai shigar da bayanai ya “tsabtace” fayil ɗin, ya goge duk layin da bai cika gida huɗu ba don jadawalinsa ya yi kyau, to ya zubar da maganin ya riƙe cutar. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Inda lambobi suka fi ƙarfin garke

Tsarin yana da tsada. Halaye t suna bukatar lambobi t × (t + 1) ÷ 2 a kowane jadawali. Awo huɗu, lambobi 10 na gado, 10 na saura. A tumaki ba a isa a bar uwa a waje ba, hanyar da Willham ya tsara tun 1963: akwai gadon iya reno da tinkiya ke ɗauke da shi, 10, da tabonta na dindindin a matsayin uwa, wasu 10. An kai 40. In ana son alaƙar gadon girma da gadon reno, a ƙara 16. Wanda ke auna kowane wata har shekara, gida 12, yana fuskantar lambobi 78 a kowane jadawali, 312 a huɗu. Garke mai 'ya'ya ɗari biyar daga raguna goma sha biyu ba shi da abin da zai ciyar da wannan.

Alamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi ita ce manhaja ta yi ta zagaye ba ta tsaya ba, ko alaƙar gado ta manne a 0.999, ko wani faɗin bambanci ya faɗi sifili. Wata alamar ta fi ɓoyuwa. Mutane kan lissafa halayen bibbiyu su harhaɗa sakamakon, sai a sami jadawalin da ba zai yiwu a duniya ba. Misali, alaƙar yaye da wata shida 0.9, ta wata shida da shekara 0.9, ta yaye da shekara 0.2. In biyun farko gaskiya ne, ta ukun ba za ta gaza 0.62 ba. Hayes da Hill sun ba da dabarar lanƙwasa irin wannan jadawali a 1981 har ya koma mai yiwuwa, kuma tana aiki, amma duk wanda ya sami kansa yana lanƙwasa da ƙarfi ya san bayanansa ne ba su kai ba. Haka nan alaƙar gadon girma da gadon reno da kan fito da babban ragi, irin −0.7 ko −0.8. Kafin a yi shelar cewa tinkiya mai saurin girma ba ta da nono, a duba iyaye mata nawa ne su kansu aka auna suna ƙanana, kuma nawa ne suka haihu fiye da sau ɗaya. In kaɗan ne, lissafin ba shi da hanyar raba uwa da ɗanta, lambar kuma ta rashin bayani ce.

Akwai kuma matsalar kwanan wata. Ba wanda ke auna kowane ɗa a ranar da ya cika kwana 90 cif. Ana auna garke ne rana ɗaya, wani yana kwana 76, wani 104. Gyaran da aka saba shi ne a ja layi miƙaƙƙe: wanda aka haifa da kilo 2.0 ya kai 10.3 a kwana 104 yana ƙara kusan giram 80 a rana, don haka nauyinsa na kwana 90 kilo 9.2 ne. Wannan ya wadatar in tazarar mako biyu ce zuwa uku. Da ta wuce haka, sai a fara jefar da awo masu kyau don kawai ba su faɗa cikin taga ba.

Layin girma ga kowace dabba

Daga nan ne aka koma tunanin lanƙwasa. Kirkpatrick da abokan aikinsa sun nuna a 1989 da 1990 cewa ana iya ɗaukar alaƙar gado a matsayin abu mai gudana tare da shekaru, maimakon gida-gida. Schaeffer da Dekkers na Guelph a Kanada suka kawo shi ga awon madarar shanu a 1994, kuma a 1999 Kanada ta mayar da tantance shanun madararta na ƙasa kan wannan tsari, inda kowace ranar awon madara ke shiga lissafi da kanta.

Ga yadda yake. Garke yana da layin girma na bai-ɗaya. Kowace dabba kuma tana da nata ɗan layin da ke nuna yadda ta kauce wa na garke, kuma lambobi kaɗan ne ke zana shi. Da lambobi uku: na farko yana cewa tana sama ko ƙasa gaba ɗaya, na biyu yana cewa tazararta na ƙaruwa ko raguwa da girma, na uku yana ba layin damar tanƙwarewa. Waɗannan ukun su ne halayen da ake gada, kuma jadawalinsu lambobi 6 ne. Gadon dabba, tabonta, gadon uwa, tabon uwa, 24 ke nan. A ƙara huɗu na saura, 28 a maimakon 312. Kowane awo yana shiga da ainihin kwanansa, ba gyara, ba taga.

A aikace ana mayar da shekaru zuwa ma'auni daga −1 zuwa +1 kafin a yi amfani da jerin lanƙwasar Legendre, wato wasu tsararrun layukan lissafi da ake haɗawa a zana layin girma, domin lambobin kada su riƙa taka juna. In awon ya kama daga haihuwa zuwa kwana 360, kwana 90 zai zama −0.5, kwana 180 sifili, kwana 270 kuma +0.5. Daga sakamakon ana iya fitar da kason gado na kowace rana da alaƙar kowace rana biyu, a kuma ba kowane rago darajar iri a daidai shekarun da ake sayar da 'ya'yansa.

Wuri biyu yake cizo. Na ɗaya, bakin layi. Waɗannan lanƙwasoshi suna fanɗarewa a farko da ƙarshe, daidai inda bayanai suka yi ƙaranci, sai a ga kason gado ya yi tsalle zuwa 0.7 a kwana 350 saboda dabbobi tara ne kawai suka rage a wajen. Magani shi ne a yanke layin a inda awo ke da kauri, ko a yi amfani da layi mai gaɓoɓi da ake ɗaure shi a wasu zaɓaɓɓun kwanaki, kuma sau da yawa gara a cire nauyin haihuwa a lissafa shi a matsayin hali na daban. Na biyu, saura. In aka bar faɗin kuskure ɗaya daga haihuwa har shekara, bambancin da ke ƙaruwa da girma ba shi da wurin zuwa sai cikin gado da tabo, ya kumbura su. A raba shi aji-aji, misali kwana 1 zuwa 60, 61 zuwa 120, 121 zuwa 240, sai sauran. Ƙa'idar hankali kuma ita ce layi mai lambobi uku yana son yawancin dabbobi su kasance da awo huɗu ko fiye. Da awo biyu-biyu, layin tabo da na gado ba sa rabuwa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ga garken da ake da su a ƙasar nan, na tumaki a Ejura ko na awaki a Kintampo, balle na masu zaman kansu, halaye uku ko huɗu a lissafi ɗaya sukan fi amana a kan lanƙwasa mai hawa biyar. Tsarin lanƙwasa ya cancanci wahalarsa ne in awon yana da yawa kuma kwanakinsa a warwatse suke, kamar madarar shanu a gona irin ta Amrahia, ko garken da ake aunawa duk wata. Manhajojin duk suna iya biyun: WOMBAT ta Karin Meyer da BLUPF90 ta rukunin Ignacy Misztal kyauta ake samun su don bincike, ASReml kuwa ta kuɗi ce. A fara da hali ɗaya-ɗaya don samun lambobin farawa, a hau bibbiyu, sannan duka. In an gama, a sake kunna lissafin daga wasu lambobin farawa dabam. In bai dawo wuri ɗaya ba, bai gama ba. Kuma kason gado na 0.30 mai tazarar kuskure 0.18 ba sakamako ba ne da za a gina shawara a kai.

Abin da ke faruwa kafin kwamfuta

Mafi yawan lissafin da ya lalace, a turke ya lalace. Rukunin tsara shi ne farko: dabba ana kwatanta ta ne da waɗanda suka ci abinci ɗaya, suka sha yanayi ɗaya. A yankin Kumasi damina biyu ce, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ɗan da aka yaye cikin ɗanyar ciyawa da wanda aka yaye cikin ƙura ba tsara ba ne ko da shekararsu ɗaya. A awon da ake maimaitawa, rukunin na ranar awo ne, garke kaza a rana kaza, domin dabba ɗaya tana ratsa yanayi uku kafin ta shekara. Ragon da aka ware ana yi masa kiwon turke don layya shi ma ya bar rukuninsa tun ranar da aka ɗaure shi, kuma dole littafi ya nuna haka. Ita Sallar ma tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka shekarun da ake kwashe raguna da yanayin da ake kwashe su suna sauyawa a hankali.

Sai uba. A zango, inda tumaki ke fita da safe su gauraya da na maƙwabta a bakin kwata da filin makaranta, uba zato ne. Gara a bar gidan babu komai da a rubuta ragon gida don shi ake gani, domin uban ƙarya yana jan kason gado ƙasa kuma yana raba wa rago 'ya'yan da ba nasa ba. Inda ake tsare barbara kuma, wata matsalar ce ke jira: rago ɗaya a garke ɗaya a shekara ɗaya. Nan babu lissafin da zai raba kyawun rago da kyawun shekarar. Kowane rukuni yana son 'ya'yan raguna biyu aƙalla, kuma wani rago ya tsallaka shekara ko ya yi aiki a garke biyu, don a sami igiyar da ta haɗa rukunan.

Sikelin ma a kula da shi. Abin da ke cikin tumbin tinkiya yana iya haura kashi goma cikin ɗari na nauyinta, saboda haka awon safe kafin a sake su da awon yamma bayan sun ƙoshi ba abu ɗaya suke aunawa ba. A tsayar da lokaci ɗaya. Sikelin rataye mai tsallen rabin kilo bai dace da jariri mai kilo 2 ba, ana son mai nuna giram ɗari ko ƙasa. Gwada shi ba wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, a auna rawayar jarkar nan da ake kira galan ɗin Kufuor babu komai, a zuba mata ruwan da aka san yawansa, a rataya kafin a fara aiki. Lambar kunne in ta faɗi, sabuwar ta ɗauki tsohuwar lamba, in ba haka ba dabba ɗaya ta zama biyu a fayil, ɗaya ta ɓace a wata biyar, ɗaya ta faɗo daga sama ba uwa ba uba. Kafin kowane lissafi a zana layin kowace dabba a duba da ido. Wanda ya tashi daga kilo 12 zuwa 21 ya dawo 13 ba girma ya yi ba, alƙalami ne ya juya lambobi.

Saura gurbin da aka fara da shi. Mai garke ba ya duba nauyin yaye kafin ya zaɓi ragon da zai kai kasuwa. Ido yake sawa a ranar, ya ga wanda ya cika, ya kama. Wannan ganin idon shi ne bayanin da zaɓen ya dogara a kai, kuma ba ya cikin littafi, don haka lissafin halaye da yawa zai gyara wani ɓangare ne kawai, gwargwadon yadda awon baya ya yi kama da abin da idon ya gani. Abin da ke cike wannan rami aikin minti biyar ne: duk dabbar da za ta bar garke a ɗora ta a sikeli a ranar, a auna tsararrakinta da suka rage a makon, a rubuta kwanan wata da dalilin fita, sayarwa ce, yanka ne, mutuwa ce ko ɓata. Tsarin lanƙwasa zai karɓi awon a kwanan da ya zo, ko 233 ne ko 301. A tsarin gida-gida kuma ana iya buɗe masa gidansa, nauyin kafin Sallah, ya zama hali na biyar da kowane ɗan rago a garken yake da shi, wanda aka sayar da wanda aka bari.